Koren Tankar Baba

Newman, Agusta 1988

Noelene,

Ina gaishe ki, ki gaida Col da yara. Da fatan sanyin bana bai tayar wa Baba da ciwon gwiwarsa ba. Ni lafiyata lau, in ban da bayan nan nawa da ba ya shiri da kujerar tifa. Har yanzu tama muke kwasowa daga rami muna zubarwa, gobe mu koma.

Kin ce in daina kiran waya tunda ba abin da nake cewa sai "to" da "haka ne", alhali mutane na tsaye a bayana suna jiran layi. To ga takarda.

A cikin ambulan ɗin nan akwai kati uku, kowanne da irin koren da na shafa masa, na sa musu lamba a baya. Kada yara su taɓa, kada kuma ki bar su a taga rana ta ci su. Tankar Baba nake haɗawa, ta roba, tsawonta bai fi tafin hannuna ba sai kaɗan. Ba irin wadda kowa ke saya a kanti ya manna ya ɗora kan talabijin ba. Tasa nake nufi, tankar yaƙi ƙirar Matilda da ya tuƙa a Bougainville lokacin yaƙin duniya na biyu, mai suna Brolga rubuce a gefe. Na kankare duk kayan hamada da ta zo da su a kwali, na saƙa mata ragar ƙarfen da suke shimfiɗawa a kan injin, har ɗan akwatin tarhon da ke bayanta na yi.

Saura fenti, kuma nan na tsaya cik. Littafi ya faɗi kore ɗaya. Wani mutumin Melbourne da muke musayar takarda a ƙungiyarmu ta masu haɗa irin waɗannan ya rantse wani ne daban. Wadda ke gidan tarihi kuwa an sake mata fenti bayan yaƙi da abin da aka samu a sito, ba a kafa hujja da ita. Hoton Baba guda ɗaya da nake da shi baƙi da fari ne.

Ki fitar da shi baranda da safe, ba a ƙarƙashin ƙwan lantarki ba, ki ajiye masa ukun a gabansa, kada ki ce komai. Wanda ya nuna shi ne.

Kin san halinsa. Shekara arba'in yana fentin gidajen mutane, daga tsallaken titi yake gane bangon da aka yi wa ha'inci. Ba zan ajiye masa abu ya ɗaga gira ya ce "uhm" ba. Na sha wannan "uhm" ɗin har ya ishe ni. Da zarar launin ya zauna zan ɗauki hutu in kawo masa ita da hannuna.

Ƙaninki,
Warwick

Gympie, Satumba 1988

Waz,

Takardarka ta iso da katunanka masu daraja, ba wanda ya ko yi musu numfashi. Col lafiya, yara sun gama mura sun bar min ita.

Gwiwar Baba ba ita ce magana ba. Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa maka. Sau biyu yana barin buta a kan wuta har ta ƙone. Ranar Talata na same shi a bakin ƙofa sanye da fararen kayan aikinsa, buroshi a aljihu, wai yana jiran mota zai je ƙarasa gidan Mrs Petersen. Gidan nan an rushe shi tun kafin in haifi Kylie. Likita ya ce abin hanya ɗaya yake bi, ba ya juyowa, sai dai saurinsa ne ba a sani ba. Na dawo da shi ɗakin baya na gidanmu.

Na yi yadda ka ce. Baranda, da safe, bakina a rufe. Ya dubi katunan ya ce, "Waɗannan na mene ne?"

Na ce, "Warwick ne ya aiko. Wai wanne ne launin Brolga."

Ya yi dariya ya ce, "Yaron nan har yanzu yana wasa da roba? Shekarunsa nawa yanzu?"

Na ce talatin da takwas. Ka san abin da ya ce, ba sai na rubuta ba.

Amma ya duba, ya duba sosai. Ya ɗaga kowanne ya nisanta shi, ya karkata shi ga haske, irin yadda yake yi muna yara in an kawo masa gwangwani. Na ɗan lokaci Babanmu ne sak. Sai kawai ya lashi babban yatsansa ya shiga murza na biyun. Na fizge na ce, "Haba Baba, ba abinci ba ne." Ya bi ni da kallo kamar na mare shi. Na ce to wanne ne a ciki. Ya ture su gefe ya ce, "A haka? Babu ko ɗaya."

Abin bai yi min daɗi ba, Waz. Mutumin da ba ya bari a jingina da bango sai ya kwana biyu, yau shi ne ke shafa wa fenti yawu. Na shiga kicin na yi kukana na fito. Ga katunanka nan na mayar maka, na biyun da shaidar yatsa.

Yana tambayarka. Da sunanka yake tambaya, ya san kana Yamma, ya san babbar mota kake tuƙawa, har yana faɗa wa mai kawo madara wai tayarta ɗaya ta fi gidan nan tsawo. Ka zo yanzu da yake haka. Ka kawo masa abar ko da shuɗiya ce.

Noelene

Newman, Oktoba 1988

Noelene,

Sannu da fama, Allah ya ba da sauƙi. Na karanta maganar butar da ta kayan aikin, kuma na ji a jikina. Ni ina nan yadda nake.

Amma maganar yatsan nan kin karanta ta ba daidai ba. Ba ruɗewa ba ce. Gogewa yake son yi. Ke ba ki yi aiki da shi ba, ni na yi. Hutun da na cika sha shida ya ba ni ƙofar wani kanti a titin Mary, na wuni a kanta, na ga ta yi kyau. Ya zo ya tsaya, ya jiƙa tsumma da kananzir, ya share ta tas a gaban mai kantin, bai ce min ko kalma ɗaya ba. Washegari ya miƙo min buroshi. Mutumin da ke tuna launin Brolga har ya ce babu shi a cikin uku, wannan hankalinsa na nan. Hannun ne bai sake hali ba.

Saboda haka laifin launin ne, kuma zan gyara. Ga kati shida. Uku na ƙara musu ruwan ƙasa, uku na ƙara musu baƙi. Duka na sa musu ɗan fari, don haka ƙa'idar take: ƙaramin abu da ke gaban hancinka daidai yake da babba da kake hange daga nesa, nesa kuwa tana dusashe launi. Sannan na fesa musu ruwan nan da muke kashe sheƙi da shi a ƙarshe. Tankar yaƙi ba ta ƙyalli, duk mai wannan aikin ya san haka. In alƙalan gasa suka hango sheƙi ko tsayawa ba sa yi. Don haka ki riƙe masa katin da kanki, yawu yana ɓata feshin.

Ga kuma wata alfarma. Mutumin Melbourne ya ce akwai gangar jikin Matilda a wata gona wajen Kilkivan, ta wani Zillmann. Uban ne ya saye ta bayan yaƙi yana ture itatuwa da ita. Ba ta da nisa da ku. Inda rana ba ta kaiwa, bayan faifan ƙarfen da ke rufe ƙafafunta, fentin soja na asali yakan saura. In kin samu sarari ki je da wuƙa ki ɓantaro min ɗan kaɗan, ko kamar farce ne.

Kirsimeti ba zai yiwu ba, masu iyali aka ba hutu. Ina sa ran farkon shekara.

Warwick

Gympie, Janairu 1989

Warwick,

Muna lafiya, tunda al'ada ce a faɗa.

An yi Kirsimeti. Zafi kamar a tanda, mangwaro na faɗowa kan kwano. Baba ya zauna da hular takarda a kansa, an miƙa masa wuƙa ya yanka naman kamar kullum, sai ya ajiye ya ce, "Ba za a jira Warwick ba?" Col ne ya karɓi wuƙar.

Katunanka shida na nuna masa. Na riƙe da kaina yadda ranka yake so. Ya miƙo yatsa na janye, ya sake miƙowa na janye, sai ya juya ya kalli titi. Ban samu amsa ba, kuma ba zan sake ba.

Yanzu ni ke masa aski, Col ke sa shi a wanka. Rabin lokaci da sunan Mama yake kirana. A cikin wannan hali ka ce in ɗauki wuƙa in rarrafa ƙarƙashin tsohon ƙarfe a tsakiyar lokacin macizai. Na karanta wa Col wurin, ya ce in tambaye ka ko akwai wani abin da za mu haɗo maka da shi.

Ka ce ana ƙara fari don abu ya yi kamar daga nesa ake hangensa. A wannan kam ka ƙware.

Haushinka nake ji, gara ka sani daga bakina. Wata ƙofa ta shekara ashirin da suka wuce ba ta kai ka bar ni da shi ni kaɗai ba.

N.

Gympie, Maris 1989

Waz,

Shiru tun waccan takardar, na san ta yi zafi, ban kuma janye ko layi ɗaya ba. Da fatan bayanka ya yi sauƙi. Yara sun koma makaranta, Col na nan. Baba yana cin abinci sosai, jikin kam ba laifi.

Na je gonar. Ba don kai ba. Ranar ya tashi da rigima, yana ta zagaye gida yana neman tsaninsa, mota ce kaɗai ke kwantar da shi. Na sa shi a gaba na kama hanya, sai na ga allon Kilkivan na ce to bari in huta da kai ma.

Zillmann dogo ne mai jan wuya, ya fi Col surutu. Ya kai mu bayan rumbun ciyawa a a-kori-kurarsa. Abar na nan cikin ƙaya, babu kai babu bindiga, an liƙa mata faifan katafila a gaba, duk ta yi tsatsa, kaji na ƙwai a inda injin yake. Ya ce min, "Ki kula da wajen hagu, akwai wani baƙin maciji, shi ne mai gidan yanzu, mu baƙi ne."

 Da Baba ya gan ta sai ya buɗe ƙofa da kansa, ya bar sandarsa a mota. Ya je ya ɗora hannu a gabanta ya ce, "Wa ya cire mata kai?"

Zillmann ya ce, "Tsohona ne, yallaɓai. Ya ce nauyi take masa."

Baba ya ce, "Nauyin ne amfaninta."

Ya zagaya gefe, ya durƙusa a kan gwiwar nan da ba ta lanƙwasuwa, ya leƙa bayan faifan da ke rufe ƙafafun, daidai inda ka faɗa. Akwai fenti a wurin, faɗin faranti, amma ya koɗe ya yi fari-fari kamar toka. Na ce a raina to ga abin da Warwick ya hana kansa zuwa gida a kai. Sai Baba ya lashi yatsa. Na miƙa hannu zan riƙe shi, Zillmann ya ce, "Ƙyale shi mana, ƙarfena ne."

Ya murza. Inda ya murza ya zama kore, kore mai duhu, mai kyau. Ya ce in ba shi shayin da ke hannuna. Na ba shi, ya watsa wa wurin gaba ɗaya, ya ja baya ya zauna a ƙasa yana kallo.

Ya ce, "Ga ta nan. Haka take."

Na ce, "Baba, ai jiƙa ta ka yi."

Ya dube ni irin kallon da yake wa wanda ya riƙe buroshi a tsakiya. Ya ce, "To a bushe za ki gan ta? A can ba ta taɓa bushewa ba. Ruwa da safe, ruwa da rana, in ya ɗauke itatuwa su ci gaba da ɗiga. Mu ma ba mu taɓa bushewa ba. Safar abokinmu Lofty har laimar kwaɗi ta tsiro a ciki." Ya yi dariya, Zillmann ya taya shi. Ya lissafa mutanen da suke cikinta tare, ya faɗi wanda ya dawo da wanda bai dawo ba. Ban taɓa jin ya yi wannan maganar ba, ko Mama ban jin ta taɓa ji. Muna nan rana ta shanye shayin, wurin ya koma toka, sai ya nemi a tashe shi.

Ka ga ke nan ba gogewa yake yi ba, ba kuma ruɗewa ba ce. Dubawa yake yi, ni kuma ina fizge masa. Mu biyun duka mun sha ƙasa.

Ga ɓallin nan a cikin kwalin ashana, Zillmann ne ya ɓantaro da kurfi. Ka jiƙa shi kafin ka yanke hukunci.

Sai dai ga sauran labarin. A hanyar dawowa, can sai ya juyo ya ce min, "Na gode ƙwarai, Mrs Zillmann, ki sauke ni a tashar jirgi." Har muka iso gida bai gane ni ba, sai da ya ga karenmu. Wannan ne na farko. Ka daina sa rai da farkon wata kaza, ka sayi tikiti.

Noelene

Sansanin layin dogo, Afrilu 1989

Noelene,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya, da Baba. An ɗauke mu daga Newman an kawo mu gyaran layin dogo can cikin daji, ruwa ya cinye wani wuri. Ba waya a nan, wasiƙu kuma sai wanda ya tuna ya ɗebo.

Tun takardarki ta Janairu ban ji daga gare ki ba. Na fahimta. Na fara amsa ta sau da yawa ina yagawa, don duk abin da na rubuta sai ya fito kamar gardama, kuma ba ni da ta yi.

Na taho da Brolga a cikin kwalin takalmi. Tunda shidan ma ba su yi ba, na koma wajen ruwan ɗorawa, ina zaton can matsalar take. Na wanke ta na sake mata fenti, na kashe sheƙin da kyau. Yanzu kuma ina ganin ta yi kama da ganyen kabeji. Na so a ce ta kai masa kafin ranar Anzac ta tunawa da sojoji, ba za ta kai ba. Ki sa masa lambobinsa na yabo a rigarsa in zai iya fita.

Ki rubuto ko layi biyu ne, ko na zagi ne.

Warwick

Newman, Mayu 1989

Noelene,

Na dawo na tarar da takardarki ta Maris a ofis, ƙarƙashin tarin jaridu, kwalin ashanar ya ɗan lotse amma ɓallin na nan. Kusan wata biyu tana kwance. Ban san yadda Baba yake yanzu ba, ina fata da sauƙi.

Na fita waje da ɓallin, na jera shi da duk katunan da na yi tun bara a kan bonet. A bushe bai yi kama da ko ɗaya ba. Na lashi yatsa na bi su ɗaya bayan ɗaya. Wani abokin aikina ya wuce ya ce, "Warwick, in yunwa ce ai kantin a buɗe yake."

Na biyu ne, Noelene. Na biyun cikin ukun farko, mai shaidar yatsansa. In aka jiƙa shi aka jiƙa ɓallin, ba ki iya raba su. Tun watan Agusta launin na hannuna. Shi ya sa ya zaɓe shi ya murza. Ni ne na bi shi da feshi na kashe shi, don haka ake yi, don kada wasu mutane a Melbourne da ba su taɓa taka Bougainville ba su ce ban iya ba. Na zauna a cikin mota na daɗe ban iya tayar da ita ba. Baƙin ciki nake ji, ba wani abu ba.

Na sake wanke ta. Na biyu na shafa, ban sa fari ba, na bi da mai sheƙi a sama da gefe, na bar shi ya taru a lunguna kamar ruwa bai gama tsiyayewa ba. Laka ma jiƙaƙƙiya na yi mata har rabin jiki. Na faɗa wa mutumin Melbourne, ya ce za ta fito kamar abin wasan yara na kanti. Ta fito ɗin.

Na sayi tikiti. Zan sauka Brisbane ranar Asabar ta biyu a watan Yuni, in hau jirgin ƙasa. Na ɗauki hutun duka da na tara.

Warwick

Gympie, Mayu 1989

Waz,

Mun ji, sai ka iso. Col zai tarye ka a tasha. Kowa lafiya.

Kada ka zo da dogon buri. Akwai ranaku masu kyau, sun ragu. Duk lokacin da za ka shiga wurinsa ka faɗi sunanka tun daga ƙofa, kada ka ce masa "ka gane ni?", yana jin kunya sai ya koma faɗa. Shayinsa cokali biyu, zai ce uku.

Da ka kwana biyu ka san kan gidan, ni da Col da yara za mu tafi Hervey Bay wajen ƙanwarsa. Rabona da in yi barci har rana ta fito na manta. Kai za ka riƙe shi. Ba tambayarka nake yi ba.

Noelene

Gympie, Yuni 1989

Noelene,

Da fatan kun isa lafiya kuma kina samun barcin. Ki gaida Col da mutanen gidan. Nan lafiya. Baba na ci, yana sha, ya yarda na yi masa aski jiya, ya ce hannuna ya fi na matar nan sauƙi. Ki yi haƙuri, haka ya ce. Kare ya tona miki wajen tumatir.

Kin ga yadda ya karɓe ni ranar da na iso, ya miƙo min hannu kamar ni mai karanta mitar lantarki ne. Kin ce in ba shi lokaci. Bayan tafiyarku na ci gaba da faɗin sunana a bakin ƙofa, yana cewa "Sannu da zuwa" da ladabi. Ban fito da Brolga ba, ina jiran rana mai kyau.

Ranar Laraba ya tashi garau. Ya ce gefen rufin maƙwabta na bukatar shafe biyu, kuma gaskiyarsa ne. Na fitar da shi baranda, na kawo shayi, na buɗe kwalin takalmin na ajiye ta a kan tebur a gabansa.  

Ya sa tabarau. Ya sunkuyo har haɓarsa ta kusa taɓa tebur, ya dube ta ta gaba, ya juya ta da yatsa ɗaya. Ya karanta sunan a fili. Ya nuna ƙofar direba ya ce, "Nan nake zama." Na ga ya ɗaga babban yatsa zai kai baki, sai ya tsaya, ya sake dubawa, ya mayar da hannun.

Ya ce, "Wannan ba ta bukata. Wa ya haɗa koren nan?"

Na ce, "Ni ne."

Ya ce, "Da ido?"

Na ce da ido.

Ya ce, "To ka iya. Shi ne, ba ƙari ba ragi. Mutane da yawa suna zuba baƙi su ɓata shi. Kana da hannu, ɗan samari. Wa ya koya maka?"

Na ce, "Ubana mai fenti ne."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Ai ya nuna."

Na ce masa, "Baba, ni ne Warwick." A hankali na faɗa, yadda kika koya min. Ya yi murmushi ya ce, "Ka ji, sunan yarona ke nan. Yana can Yamma yana tuƙa manyan motoci. Shi ma yana irin wannan wasan tun yana ƙarami, yana da haƙurin abin, ni ne dai ban taɓa faɗa masa ba." Ya ja tankar kusa da kofinsa ya ce, "Ko za ka bar min ita kwana biyu? Ina so in nuna masa in ya zo."

Na ce ya riƙe ta.

Na shiga ciki na wanke kofuna, har waɗanda ba a sha komai a ciki ba. Abin da na so in ji na ji shi, Noelene, kuma da na zo a Satumba da ni zai faɗa wa. Ba sai kin ce komai ba.

Na rubuta wa ofis ina neman ƙarin hutu, in sun ƙi su ba wani tifar. Ku yi zamanku har ƙarshen wata, ba abin da ke ƙonewa a nan. Maganin safe ya kusa ƙarewa, ki gaya min wane kanti kike karɓa.

Ta kwana a tagar ɗakinsa, ba ya bari in share wurin. Kullum in na kai masa shayi sai ya tambaye ni ko Warwick ya iso. Ina ce masa yana hanya.

Ƙaninki,
Warwick